Hayaƙi a salansa, zafi a inji: yadda aka bi diddigin ciwon babur ɗin wani mai kai burodi a Zariya

Mai babur da aikinsa

Maƙwabcina ne a Sabon Garin Zariya, katanga ɗaya ta raba mu. Bai kai shekara talatin ba, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma abincin gidan gaba ɗaya a kan babur ɗaya yake. Burodi yake ɗauka ya bi ta Kwangila, Palladan da Samaru, ya wuce Shika, ya shiga ƙauyukan da ke hanyar Giwa, yana sauke wa masu shayi da masu kanti. Rabin tafiyar kwalta ce, rabi jar ƙasa. Kowace rana agogon babur ɗin na ƙaruwa da kilomita 75 zuwa 80.

Babur ɗin mai silinda ɗaya ne, cc 100, irin wanda ya cika titunanmu. Fetur ɗinsa daban, baƙin mansa daban, ba kamar tsofaffin nan da ake gauraya musu mai a tanki ba, waɗanda hayaƙi ɗabi'arsu ce. Ba shi da lagireto. Iskar da ke dukan haƙarƙarin silinda idan ana tafiya, da baƙin man da ke zagayawa a ciki, su ne suke kwashe masa zafi. Idan aka yi juye yana shan lita ɗaya ba kaɗan.

Sabo ya saye shi a tsakiyar 2022, biya kaɗan-kaɗan, ni na tsaya masa. Shi ya sa na damu da lamarin kamar nawa. Ranaku da ma'aunan da ke cikin wannan rubutu kuwa daga littafin bashinsa na ɗebo su, domin a shafukan baya yake rubuta ranar juye da duk abin da aka canja. Zuwa farkon 2024 babur ɗin ya yi kilomita 38,000 da 'yan kai, ba a taɓa buɗe injinsa ba, kuma duk mako biyu ake masa juye.

Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu 2024: alamun da aka raina

Ranar Asabar 27 ga Janairu ya faɗi a cikin yashi a wata hanyar ƙauye bayan Shika. Ba gudu yake ba, ƙafar gaba ce ta nutse, akwatin burodi ya rinjaye shi, babur ya kwanta. Ya ɗaga, ya kaɗe ƙura, ya ga murfin gefe ya ɗan goce, ya tura shi da hannu ya koma. Bai ji ciwo ba, fitila ba ta fashe ba, sai ya ci gaba da harkarsa.

Cikin Fabrairu abubuwa uku suka ɓullo, kowanne ƙarami. Da asuba babur ɗin ba ya tashi sai an ja cok an daɗe, abin da ya ɗora wa sanyin hunturu. Idan ya saki totur a gangara, salansa na yin tas-tas. Sannan idan ya tsaya sauke burodi, inji ba ya komawa sulo nan take, sai ya yi ta kuka sama-sama na ɗan lokaci kafin ya sauko. Wani yaron gareji ya juya masa sukurun sulo, kukan ya ragu, aka wuce wajen. Duk wannan lokacin hazo ne da ƙura, irin wadda kan kwanta a gashin ido kafin mutum ya isa Samaru.

11 zuwa 16 ga Maris: zafi, sannan hayaƙi

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris, tsarin aikinsa ya juya. Masu shayi sai da yamma suke buɗewa, don haka fitar asuba ta koma tsakanin Azahar da La'asar, a lokacin da rana ke gasa Zazzau. Tun ranar farko ya ji zafin inji na dukan ƙwaurinsa ta cikin wando. Bayan tafiyar minti ashirin ƙarfin babur ɗin sai ya ragu, idan ya zo hawa kuma ya riƙa jin wata ƙara siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Ranar Alhamis 14 ga wata wani mai keke Napep ya cim masa a Palladan ya ce masa, “Malam, mashin ɗinka na hayaƙi.” Ya waiwaya ya gani. Hayaƙi ne siriri mai shuɗi-shuɗi, yana da ƙauri, ya fi fitowa idan ya murɗa totur bayan tsayuwa.

Ranar Asabar ya kai wa bakanikensa na kullum, sa'ansa ne kuma abokinsa. Zargin farko a kan fetur ya sauka, domin a makon ya sha mai sau biyu a wurin 'yan bumburutu a ƙauye, kuma har yanzu masu ababen hawa ba su manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba. Aka juye tanki, aka wanke kabureta, aka busa jet, aka wanke soson tace iska aka mayar, aka sa sabon fulogi. Tsohon fulogin an jefar da shi ba tare da an tsaya dubansa ba.

Babur ɗin ya ɗan ƙara kuzari na kwana ɗaya. Hayaƙi da zafi suna nan yadda suke. Shi kuma ya fara wata dabara a hanya: idan zafin ya yi yawa sai ya sayi ledar ruwa biyu ya fasa a kan injin. Na hana shi da na ji. Kan injin alminiyom ne, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi haka na iya karkatar da shi ko ya tsaga shi, kuma sanyin na 'yan mintuna ne kawai.

23 ga Maris: an koma ga baƙin mai

Ranar juye ce. Na ce a tara abin da ya fito a auna. Aka zuba a gorar ruwa mai santilita 75, ya ɗan haura rabi, wato kimanin mililita 400, alhali a da kusan abin da aka zuba ne yake fitowa. Man ya yi baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa, yana warin ƙuna. Ƙasan injin a bushe yake, babu ɗigo a inda yake kwana. Ke nan a cikin mako biyu injin ya ƙone fiye da rabin mansa.

Shawarar da aka ba shi ita ce a sa mai mai kauri, a ƙara da ruwan nan mai yauƙi da ake sayarwa a ƙaramin gwangwani don hana hayaƙi. Aka yi. Da safe hayaƙin ya ragu sosai, domin mai mai kauri ba ya saurin silalewa ta gefen fistin idan inji na da sanyi. Da rana ta take, man ya saki, hayaƙi ya dawo. Daga nan ya fara yawo da gorar baƙin mai a ƙarƙashin akwatin burodi yana ƙarawa duk kwana biyu.

30 ga Maris zuwa 13 ga Afrilu: sabon ringi

Da abin ya ƙi, bakaniken ya ce ringi ne, wato zoben da ke jikin fistin, kuma kowa a garejin ya yarda. Aka kwance kabureta tare da robar da ta haɗa ta da kan inji, aka ajiye gefe, aka cire kai da bulok, aka sa sabon ringi mai girman asali a kan tsohon fistin, aka goge cikin silinda da tsumma, aka mayar da komai. Ba a auna silinda ba, ba a taɓa bawul ba. Aikin bai wuce awa uku ba.

Hayaƙin ya kusa ɓacewa. Kwana tara ya yi cikin farin ciki, har ya yi wa iyalinsa sayayyar salla da kwanciyar hankali. Sai dai zafin bai ragu ko kaɗan ba, kuma inji na nan yana rataye a sama idan an saki totur. Ana gobe salla hayaƙin ya fara leƙowa. An yi salla ranar Laraba 10 ga Afrilu. Ranar Asabar 13 ga wata, da misalin ƙarfe biyu na rana, yana dawowa ta Shika, ya ji babur ɗin ya yi nauyi kamar an taka birki, ya kama kuloci da sauri, inji ya mutu. Kik ya ƙi motsi. Ya tura shi gindin wata bishiya ya zauna kusan minti arba'in, sannan kik ya saki, inji ya tashi yana ƙara. A giya ta biyu ya lallaɓo gida.

Abin da ya faru shi ne fistin alminiyom ne, bangon silinda kuma ƙarfe. Idan zafi ya wuce kima, fistin ya fi saurin kumbura, sai ya cika ramin ya kama. Da ya ƙara minti ɗaya yana murɗa totur, da injin ya buga gaba ɗaya.

15 ga Afrilu: garejin Tudun Wada

Wani direba a unguwarmu ya kwatanta mana wani dattijo a Tudun Wada da ya shekara fiye da talatin yana gyaran babura. Tare muka je, muka tura babur ɗin a bayan a-kori-kura. Dattijon bai ɗauki sifana ba sai da ya yi kusan minti goma yana tambaya.

“Ɗana, wanne ya riga zuwa, zafin ko hayaƙin?”

“Zafin ne, Baba, da kwana uku.”

“Kafin zafin fa? Ba abin da ya canja a kukansa?”

Nan ya tuna da maganar sulo da tas-tas ɗin salansa.

“Ya taɓa faɗuwa?”

“Sau ɗaya, Baba, a yashi, tun cikin hunturu. Amma ba abin da ya same shi.”

Dattijon bai ce komai ba. Ya fara da abubuwan da ba sa buƙatar kwance inji. Ya ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya ya juya ƙafafun biyu da hannu, suna juyawa sakayau, birki ba ya riƙewa. Ya duba haƙarƙarin silinda, babu laka da ta toshe su. Ya duba sarƙa, ba ta ɗaure ba. Ya cire fulogi ya kai shi hasken rana ya nuna mana. Zaren fulogin jiƙe yake da baƙin mai, amma farin tangaran ɗin da ke tsakiya fari ne fat, da 'yan ƙuraje kamar toka. Ya ce fulogin injin da ke lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi. Wanda fetur ya yi wa yawa baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, kuma hayaƙinsa baƙi. Wanda ke ƙona baƙin mai jiƙaƙƙe ne. Wanda iska ta yi wa yawa fari ne. “Wannan kuma ga mai, ga fari. Ciwo biyu ne a jikinsa, sai mu ga wanne ya haifi wani.”

Ya tayar da injin. Hayaƙi ya fito guda ɗaya mai kauri a tashin farko, ya ce wannan man da ya zubo ta robobin bawul ne tun jiya. Ya murɗa totur, hayaƙi ya biyo baya ba yankewa, ya ce wannan na ringi ne. Ya zare bututun numfashin inji ya kara tafin hannuna, na ji yana huro iska fuf-fuf da ƙarfi, alamar wuta na ratsa gefen fistin tana sauka ƙasa. Farin tururin da kan fito da sanyin safiya ya ɓace bayan minti biyu, ya ce, wannan raɓa ce kawai, kuma tunda babur ɗin ba ya amfani da ruwa, duk hayaƙi mai haske da ya ƙi ɗaukewa a irinsa mai ne.

Sai ya saki totur. Inji ya tsaya a sama yana kuka. Ya lakato giris da yatsa, ya zura hannu ƙarƙashin robar da ke tsakanin kabureta da kan inji, inda ido ba ya kaiwa, ya shafe wurin. Nan take kukan ya sauko, har injin ya nemi mutuwa. Ya goge giris ɗin da tsumma, kukan ya sake hawa. Sau biyu ya maimaita don mu gani da idonmu.

Da aka kwance robar, daga sama lafiya lau take. Sai da ya lanƙwasa ta tsaga ta buɗe baki a ƙasanta, tsawon santimita biyu, dab da inda maɗauri ya kama. Ya sa ɗan yatsa a bakin kabureta ta ɓangaren soso, ya fito da tsabta. Ya sa a cikin robar da hanyar da ta shiga kan inji, ya fito da jan ƙasa mai danƙo. Ya murza a bayan hannuna, na ji yashi-yashi.

16 zuwa 18 ga Afrilu: abin da aka tarar a ciki, da gyaran

Washegari aka buɗe injin. Gefen fistin ta ɓangaren salansa ya kwarzane, sawun kamawar da ya yi a Shika. Cikin silinda akwai zane-zane daga sama zuwa ƙasa da farce ke kamawa, a can sama kuma ɗan tudu inda ringi ke tsayawa. Dattijon ya cire ringin sama, wanda bai cika mako uku ba, ya sa shi a cikin silinda shi kaɗai, ya auna tazarar bakinsa da siraran ƙarafan awo. A ƙasan silinda milimita 0.4, a sama inda aka fi cin wuta 0.7. Wato ramin ya buɗe a sama, ba daidai yake ba, kuma babu sabon ringin da zai rufe rami irin wannan. Robobin bawul sun ƙeƙashe, ɗaya ta karye a hannu. Tazarar tafet, wato giɓin da ke tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi, ta kusa rufewa a bawul ɗin salansa, alhali a irin waɗannan ƙananan injuna ana barin 'yar tazara da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, don bawul ya zauna sosai ya sauke zafinsa a kan inji.

Aka kai bulok wurin masu injin rarake silinda, abin da kanikawa ke kira borin. Fistin na ƙari yana zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Zanen ya yi zurfin da 0.25 ba zai share shi ba, sai aka tafi 0.50. Aka sa sabon fistin da ringinsa, sababbin robobin bawul, aka wasa bawul ɗin biyu a mazauninsu, aka gyara tafet, aka canja fakin, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin sassan inji. Aka wanke rariyar mai da cikin injin da kananzir saboda yashin da ya riga ya sauka. Aka sa sabuwar roba da sabon maɗauri, aka miƙe ƙarfen da ke riƙe akwatin soso, wanda ya ɗan lanƙwashe tun faɗuwar Janairu yana jan kabureta gefe. Aka mayar da sukurun sulo da na iska inda suka dace, aka zuba baƙin mai 20W-50 ba tare da wani ƙari ba.

Sharaɗin da dattijon ya gindaya: kilomita 500 na farko kada ya wuce gudun 50, ya rage kaya, kada ya bar inji na kuka a tsaye, ya dawo juye bayan kwana huɗu.

A ranar da ya karɓo babur ɗin ya shigo gidana hankali a tashe, hayaƙi na nan. Muka kira dattijon, ya ce man da ya taru a cikin salansa tsawon wata guda ne yake ƙonewa, a ba shi kwana biyu. A rana ta biyu da yamma hayaƙin ya ɗauke.

Ƙarshen Afrilu zuwa Yuni: sakamako

Juyen farko ranar 22 ga Afrilu ya fito da 'yan ƙyalƙyalin ƙarfe, abin da ake tsammani daga sabon ringi. Na biyu, bayan mako biyu, ya cika gorar santilita 75 har ya yi saura. Ya daina yawo da gorar ƙari. Ƙarar tsakuwa a hawa ta tafi, inji na komawa sulo da zarar an saki totur, fulogi ya yi launin ƙasa-ƙasa. Makon ƙarshe na Afrilu ana tsananin zafi kafin damina ta kankama, ya yi tafiyar rana sau uku har Giwa, babur bai rage ƙarfi ba. Wannan ne ya tabbatar mana ba sanyin damina ne ya rufa wa gyaran asiri ba. Zuwa ƙarshen Yuni ya yi kilomita fiye da 4,000 a kan sabon fistin, man ba ya raguwa yadda za a lura.

Abin da na fahimta

Tushen abin tsagar nan ce. Faɗuwar Janairu ta lanƙwasa ƙarfen akwatin soso, ya riƙa jan robar da dama ta fara tsufa da zafi, ta tsage ta ƙasa. Ta wannan kafa abu biyu suka shiga. Na farko iskar da kabureta ba ta auna ba. Injin fetur na son kimanin kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur a nauyi, ƙananan injuna masu sanyaya da iska kuma sun fi son fetur ya ɗan fi haka, domin shi ma yana rage zafi. Da iska ta yi yawa sai wutar ta ƙara zafi, ga ratayewar sulo, ga tas-tas, ga wuyar tashi da safe. Na biyu ƙura, wadda ta shiga ta bayan soso, a tsakiyar hunturu, a hanyar jar ƙasa. Yashin da ke cikin ƙura ya fi ƙarfen silinda tauri, idan ya gauraya da mai sai ya zama abin wasa ƙarfe. Mako shida ya ishe shi ya cinye ringi da bangon silinda. Daga nan mai ya fara hawa yana ƙonewa, man da ya rage ya kasa kwashe zafi, zafin ya ƙeƙasar da robobin bawul, su ma suka fara zubar da mai. Azumi da tafiyar rana ba su kawo ciwon ba, sun dai fito da shi fili.

Wanke kabureta bai yi aiki ba saboda kaburetar lafiyarta ƙalau, ɓarnar a gabanta take. Mai mai kauri ya ɓoye hayaƙin safe ne kawai. Maganar ringi kuwa gaskiya ce, ringin ya ci, kuma ba na ganin laifin bakaniken farko da ya faɗi haka. Inda aikin ya gaza shi ne ba a tambayi abin da ya cinye ringin babur ɗin da ake wa juye duk mako biyu ba, kuma ba a auna ramin da za a sa sabon ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne robar nan ta shiga hannun mutane ranar 30 ga Maris, an cire ta, an ajiye, an mayar, ba wanda ya lanƙwasa ta ya duba ƙasanta. A Fabrairu ma, lokacin da inji ke rataye a sama, alamar ta bayyana sarai, aka danne ta da sukuru. A wancan lokacin roba ɗaya da maɗauri za a saya, kuɗin da bai kai cinikin yini ɗaya ba.

Yanzu duk ranar juye yakan sa a taɓa masa robar ta ƙasa, kuma ya auna man da ya fito kafin a zubar. Babur ɗin na kan hanyar Giwa kullum. Sai dai silindar da ta kamata ta kai shi wasu shekaru a girmanta na asali ta tsallake mataki biyu a lokaci ɗaya, saura 0.75 da 1.00 kafin a nemi sabon bulok.